Shirya kayan sujada na Zuwa, Azumi da Ista ga wanda ke tsakiyar ƙaura zuwa wata ƙasa

Rifkatu (mai kula da zaure):
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Akwai tambayar da ke yawan dawowa a zauren nan, gara mu tattauna ta a wuri ɗaya. Mutum ne ke shirya wa ikilisiya kayan sujada na lokuta: tsarin sujadar Lokacin Zuwa (makonnin shiri kafin Kirsimeti), ɗan littafin bimbini na Azumi, addu'o'in Makon Tsarki, takardun yara na makarantar Lahadi. Sai ƙaura ta same shi zuwa wata ƙasa, ko don karatu, ko aiki, ko aure. Ga neman gida, ga takardun zama, ga yara da sabuwar makaranta, kalandar ikilisiya kuma tana tafiyarta. Ya ajiye aikin ne har ya zauna da gindinsa, ko ya ci gaba? In zai ci gaba, daga ina zai fara, kuma me ya fi lalacewa? Muna roƙon bayani dalla-dalla.

Malam Istifanus:
Malama Rifkatu, a fara da kwanan wata, domin su kaɗai ne ba sa canzawa da ƙaura. Lahadin farko na Zuwa yana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Hanyar gano shi: a nemi Lahadin ƙarshe kafin 25 ga Disamba, shi ne na huɗu, sai a koma baya mako uku. A 2026 ya kama 29 ga Nuwamba, a 2027 28 ga Nuwamba, a 2028 kuma 3 ga Disamba. Wannan ya sa tsawon lokacin ke canzawa daga kwana 22 zuwa 28. Wanda ya rubuta bimbini 24 yana ɗauka daga 1 ga Disamba ake farawa zai bar kwana biyu fayau a 2026, domin a shekarar kwana 26 ne.

Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sauran ranakun kuma daga ita ake ƙirga su. Larabar Toka kwana 46 kafin ta, Hawan Yesu zuwa sama kwana 39 bayanta, Fentikos kwana 49. A 2027 Ista 28 ga Maris ce, don haka Larabar Toka 10 ga Fabrairu, Hawan Yesu 6 ga Mayu, Fentikos 16 ga Mayu. Ku duba tazarar: daga Kirsimeti 2026 zuwa Larabar Toka kwana 47 ne kacal. Duk wanda ya ce sai an gama bikin sabuwar shekara zai fara rubutun Azumi ya riga ya makara.

Saratu:
To Malam, yaushe ke nan ya kamata a fara?

Malam Istifanus:
A ƙirga da baya-baya daga ranar farawa. Ikilisiyoyi su karɓi kaya mako huɗu kafin lokacin, don su buga, mawaƙa su koyi waƙoƙi, a raba wa masu karatu. Mako biyu kafin wannan na duba kurakurai ne, kuma wani dabam ya duba, ba marubucin ba. Mako shida kafin wannan kuma na rubutu. Neman izinin waƙa ko hoto a tura shi tun kafin a fara rubutu, domin amsa kan ɗauki makonni. Jimilla mako goma sha biyu. Na Zuwan 2026 a fara a makon farko na Satumba. Na Azumin 2027 a fara tsakiyar Nuwamba, wato tun ba a kunna kyandir na farko na Zuwa ba. Tun ran gini ran zane.

Baba Fasto Filibus:
'Ya'yana, lissafin Istifanus daidai ne, amma ni ina da wata magana gabansa. Taura biyu ba ta taunuwa. Wata ukun farko a baƙuwar ƙasa suna cinye ƙarfin mutum fiye da yadda yake zato: kowane ƙaramin abu, buɗe asusun banki, rajistar likita, gane hanyar bas, sai ya ci wuni guda. Ga barci ya rikice, ga kewa. Idan ranar tafiya ta faɗo cikin mako goma sha biyun nan, shawarata a bar sabon rubutu na wannan lokacin. A ɗauko na shekara uku baya, tun da jadawalin karatun nassi na kowace Lahadi zagaye yake yi duk shekara uku, a gyara kwanan wata, a tura. Babu zunubi a ciki. Ikilisiya ta fi bukatar mai hidima mai lafiya da sabon ɗan littafi.

Tabita:
Baba, a gafarce ni, ban yarda a ajiye gaba ɗaya ba. Mai ƙaura yakan rasa duk abin da ke tsara masa mako: wurin aiki, maƙwabta, majami'ar da ya saba. Kalandar ikilisiya na cikin 'yan abubuwan da suka biyo shi ba su canza ba, kuma aikin rubutun kan riƙe masa lokacin addu'a. Abin da ya kamata a rage shi ne girman aikin. Ga lissafi. Bimbinin kullum na Zuwa, kalma 250 sau 26, kalma 6,500 ke nan. Na Azumi da Lahadinsa, 250 sau 46, kalma 11,500. In aka koma na mako-mako, kalma 600 kowane Lahadi, Zuwa ya zama 2,400, Azumi 3,600. Sauran ranakun a sa nassin da za a karanta da tambaya guda ɗaya. Wannan mutum zai iya yinsa ko akwatunansa ba su gama buɗuwa ba.

Baba Fasto Filibus:
Na ji ki, 'yata. Na mako-mako na yarda da shi, da sharaɗi ɗaya: a gaya wa masu karɓa tun da wuri cewa bana haka za a yi. Ɓarnar da ta fi yawa ita ce a yi alkawarin na kullum, a kai rana ta tara, a yi shiru. Iyalan da suka fara taruwa da yamma a kan littafin sai su watse, kuma da wuya su dawo a shekara mai zuwa.

Malam Luka:
Bari in tsaya a kan jadawalin karatu, tun da Baba ya taɓo shi. Jadawalin haɗin gwiwa da aka fitar a 1992, wanda Anglikan, Methodis, Luteran da Presbiteriya da yawa ke bi, yana da shekara uku: A ta Matiyu, B ta Markus, C ta Luka, ana saka Yohanna a lokutan Azumi da Ista. An gina shi ne a kan jadawalin Katolika na 1969, shi ya sa karatun Bishara yakan zo ɗaya a yawancin Lahadi. Gano shekara ba wuya: shekarar da ta rabu da uku ba saura, C ce. 2025 C, 2026 A, 2027 B, 2028 C. Inda ake tuntuɓe shi ne sabuwar shekarar ikilisiya da Zuwa take farawa. Zuwan 29 ga Nuwamba 2026 na shekarar B ne, karatunsa Ishaya 64:1-9, Zabura 80, 1 Korantiyawa 1:3-9 da Markus 13:24-37. Wanda ya ɗauko na Matiyu don har yanzu 2026 ce ya yi kuskure.

Mai ƙaura kuma kada ya ɗauka sabuwar ikilisiyarsa wannan jadawalin take bi. Ikilisiyoyin Furotesta na Jamus suna da nasu tsarin, mai zagayen shekara shida na nassin wa'azi, wanda aka sabunta a 2018. Ikilisiyoyin bishara da na Fentikostal da yawa ba su da jadawali sam, fasto ne ke zaɓar littafi ya bi shi. Tambaya ta farko ga sakataren ikilisiya ita ce: wane jadawali kuke bi, kuma wace fassara kuke karantawa a bagade?

Hannatu:
Ƙari a kan na Malam Luka: lambobin aya ma ba ɗaya ba ne ko'ina, kuma abin ya fi cizo a nassoshin lokuta. Littafi Mai Tsarki na Jamusanci, da wasu na Katolika, suna bin ƙidayar Ibrananci. Ishaya 9:6, ayar da kowa ke karantawa ran Kirsimeti, a can 9:5 ce. Yowel 2:28 da Bitrus ya ambata ran Fentikos, a can 3:1 ce. Malakai 4:1-6 ya zama 3:19-24. A Zabura suna ƙirga kan magana a matsayin aya, don haka Zabura 51:1 ta Larabar Toka ta koma 51:3, haka ma a yawancin fassarorin Faransanci. Ikilisiyoyin Otodoks kuma suna bin ƙidayar Helenanci, inda Zabura 23 ta zama 22. Maganinsa mai sauƙi ne: a ƙarƙashin kowace lamba a rubuta kalmomi biyar ko shida na farkon karatun, mai karatu ya tabbatar da idonsa. In jama'ar harshe biyu ce, a sa lambobin biyu gefe da gefe.

Markus:
Kada a manta da maƙwabta Otodoks, musamman in majami'a ɗaya ake haya tare. Su da kalandar Yuliyas suke ƙirga Ista. A 2027 tasu 2 ga Mayu ce, mako biyar bayan 28 ga Maris. A 2028 kuma duka biyun sun haɗu a 16 ga Afrilu, shekarar da za a yi rububin zaure ke nan, sai a kama lokaci da wuri. Kibɗawan Masar, Habasha, Rasha da Sabiya suna Kirsimeti 7 ga Janairu.

Mama Ladi:
Ni maganar yanayi ce ke damuna, domin ita ce ke sa kaya masu kyau su zama baƙi a hannun mai karatu. Yawancin waƙoƙi da addu'o'in Zuwa da suka fito daga Turai an gina su a kan duhu da sanyi: dare mai tsawo, haske na zuwa. A Landan ranar 21 ga Disamba hasken rana bai kai awa takwas ba, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. A can hoton ya zauna daidai. Amma a Ostireliya, Afirka ta Kudu ko Ajantina, Disamba tsakiyar zafi ne, a Sidni rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas na dare, makarantu sun rufe shekara, iyalai sun tafi hutu. Sujadar kyandir da ƙarfe shida a can cikin hasken rana za a yi ta. Ista kuma a can lokacin zubar ganye take zuwa, don haka duk addu'ar da ta jingina tashin Almasihu da tohon itatuwa ba ta kama ba.

Idan kayan za su je wurare da dama, a ɗauki hotunan daga cikin nassin kansa, su ba ruwansu da yankin duniya: hanya a jeji, mai tsaro na jiran wayewar gari, mace mai naƙuda, ƙwayar alkama da ta faɗi ƙasa, kabari a buɗe. Sai a bar gurbi guda a tsarin sujada, layi uku ko huɗu, inda mai jagora zai sa addu'ar da ta dace da yanayin wurinsu.

Saratu:
Mama, ranakun da ƙasa ke girmamawa fa? A sa su ko a bari?

Mama Ladi:
A san da su dai, 'yata, ko ba a sa su a tsakiyar sujada ba. A Ingila ranar iyaye mata ita ce Lahadi ta huɗu ta Azumi, a Amurka Lahadi ta biyu ta Mayu. Godiyar kaka a Jamus farkon Oktoba, a Kanada Litinin ta biyu ta Oktoba, a Amurka Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. A Birtaniya Lahadi ta biyu ta Nuwamba ana tuna waɗanda suka mutu a yaƙi, da shiru na minti biyu da ƙarfe 11. Mai shirya tsarin sujada da ya sa waƙar yabo mai tashi daidai wannan lokacin zai ɓata wa jama'a rai bai sani ba. Baƙo ya tambayi 'yan gari kafin ya buga.

Yohanna:
Agogo kuma. Turai na tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, kuma a 2027 wannan Lahadin ita ce Ista. A Birtaniya ƙarfe ɗaya na dare ya zama biyu, a Jamus biyu ya zama uku. Duk takardar sujadar asuba ta wannan ranar a rubuta mata gargaɗi da manyan baƙaƙe. A Landan rana za ta fito wajen bakwai saura kwata da sabon agogo. Amurka da Kanada su tun 14 ga Maris za su canza, don haka mako biyu cikin Azumi tazarar Niyok da Landan awa huɗu ce maimakon biyar. Ƙasashen Afirka ta Yamma ba sa canzawa. Masu taron addu'a ta Zoom su zaɓi gari guda su ce da agogonsa ake aiki, su tura gayyata ta kalanda wadda ke juya lokaci da kanta. Kwanan wata kuma a rubuta sunan watan. 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Turai 3 ga Afrilu.

A wasu ƙasashen Tekun Fasha, kamar Kuwait da Katar, hutun mako Juma'a da Asabar ne, ikilisiyoyi da yawa ran Juma'a suke taruwa. Don haka a rubuta "mako na farko na Zuwa" a kan kaya, maimakon "Lahadin farko". Raba takardun addini a wajen harabar majami'a kuma doka ta tsananta a kansa a yankin, a bi umarnin shugabannin ikilisiyar wurin.

Tabita:
Yaya Yohanna ya tuna mini da bugu. Turai da yawancin duniya A4 suke amfani da ita, milimita 210 da 297. Amurka da Kanada tasu 216 da 279 ce, ta fi faɗi kaɗan, ta fi gajarta da milimita 18. Takardar da aka tsara a A4 in aka buga ta a can, ko layin ƙasa ya yanke, ko firinta ta matse rubutun. Ko dai a fitar da PDF biyu, ko a bar gefen sama da ƙasa aƙalla milimita 20. Ɗan littafi mai naɗi a tsakiya dole shafukansa su rabu da huɗu, domin falle ɗaya shafi huɗu ne. Bimbini 26 da bango da gabatarwa da shafin izini, shafi 32 ke nan, falle 8. Kwafi 50 falle 400. In ya wuce shafi 48, naɗin ba ya kwanciya, shafukan tsakiya su turo waje. Girman rubutu 12, sannan a buga kwafi biyar ko goma da 16 zuwa 18 saboda dattawa.

Ga masu rubutu da Hausa, baƙaƙe masu lanƙwasa su ne ke fara ɓacewa. Kwamfutar majami'ar da ba ta da irin rubutun sai ta nuna akwati a gurbin ɓ, ɗ da ƙ, ko ta aro su daga wani salon rubutu su fito a karkace. Charis SIL, Andika, Gentium da Noto duk suna da su, kuma kyauta ne. A adana PDF da baƙaƙen a cushe cikinsa, a buɗe shi a wata na'ura a gwada. Na majigi ma a kai shi a PDF, layi huɗu zuwa shida a kowane allo, a tambaya ko allon 16:9 ne ko 4:3.

Malam Luka:
Haƙƙin mallaka, domin a ƙasashen nan ana bin sa da gaske. A Birtaniya, Tarayyar Turai da Kanada, waƙa na ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan mutuwar mai ita. A Amurka tsofaffin ayyuka shekara 95 ne daga bugawa. Waƙa tana iya zama tsohuwa ta fita daga kariya amma fassararta ko sabon tsarin muryoyinta yana ciki. Lasisin amfani da waƙoƙi, irin na CCLI ko One License, na ikilisiya ne, ba ya bin mutum in ya tashi, kuma kowace ƙasa da nata. Yana ba da damar buga wa jama'ar ikilisiyar ko haska musu, bai ba da damar sayarwa ba, watsa sujada ta intanet kuma lasisi ne dabam. Hanya mafi tsafta ga mai rarraba kaya: ya rubuta sunan waƙa da lambarta a littafin waƙoƙi, ya bar kowace ikilisiya ta buga baitocin da nata lasisin.

Nassi ma haka. Fassarar Turanci ta NIV ta yarda a ɗauki har aya 500 ba tare da rubutaccen izini ba, muddin ba cikakken littafi ba ne kuma bai kai kashi 25 cikin ɗari na aikin ba. Tsarin sujada mai gajeren bayani da dogayen karatu yakan haye wannan kashi ba a lura ba. Kowace fassara, har ta Hausa, sharuɗɗanta na shafin bayan bango, a karanta, a kwafi layin izinin yadda yake.

Markus:
In kuma ana sayar da kayan, ko da kuɗi kaɗan ne ta intanet, a duba biza kafin komai. Bizar ɗalibi ta Birtaniya ta hana sana'ar kai gaba ɗaya, ko da mutum bai cika awa 20 da aka yarda masa a mako ba. A Amurka mai bizar ɗalibi (F-1) ba ya aiki a wajen makaranta sai da izini, iyalinsa masu bizar F-2 kuma ba sa aiki sam. Sayar da PDF sana'a ce a idon hukuma. A rufe shagon, ko a mayar da kayan kyauta, har ofishin ɗaliban waje ko lauyan shige da fice ya ba da amsa a rubuce. Karɓar "kyauta" a madadin farashi ma a tambaya, kada a yanke wa kai hukunci. Wanda bizarsa ta yarda kuma ya sani cewa tun 2015 harajin kayan intanet a Tarayyar Turai ƙasar mai saye ake biya wa, shi ya sa ƙananan masu sayarwa ke bi ta dandalin da ke karɓar harajin da kansa. Jerin imel na masu karɓa yana ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Turai ta 2018: kowa ya shiga da yardarsa, ya iya fita, kuma kada a tura saƙo adireshin kowa a fili.

Hannatu:
Abin da ya fi tsayar da aiki cak shi ne lambar waya. Imel, ma'ajiyar intanet da banki duk suna tura lambar tabbaci zuwa tsohon layi. Layin ya mutu, an kulle mutum waje da fayilolinsa. Kafin tafiya: a buga lambobin ko-ta-kwana na kowane asusu a takarda, a mayar da tabbaci kan manhaja maimakon saƙon waya, a ƙara shugaba na biyu a kowane zauren WhatsApp, a yi amfani da tsarin canza lamba na WhatsApp tun tsohon layin na raye. Fayiloli kwafi uku: kwamfuta, faifan ajiya a jakar hannu, da ma'ajiyar intanet, wani amintacce kuma ya sami damar shiga babban fayil ɗin. Firinta a bar ta. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Turai 230, kuma wasu kamfanoni na ɗaure tawada da yankin da aka sayi na'urar. Jakar jirgi yawanci kilo 23 ce, littattafai uku ko huɗu da ake buɗewa kowane mako su kaɗai suka cancanci gurbi.

Baba Fasto Filibus:
Kun yi maganar takarda da agogo, ku bar ni in yi ta abin da ake rubutawa. Mai kewa yakan zuba kewarsa a kowace addu'a, har littafin Zuwa ya koma makoki. Jama'ar da za su yi addu'ar a cikinsu akwai wanda ya shekara ashirin a ƙasar, akwai yaron da a nan aka haife shi, akwai ɗan ƙasa. Addu'ar taro ta ɗauke su duka. Nassi ya riga ya ba baƙo wurinsa, a bar shi ya yi magana inda ya faɗo. Gudun Yusufu da Maryamu zuwa Masar, Matiyu 2:13-23, yana zuwa Lahadin bayan Kirsimeti a shekarar A. Kiran Ibrahim, Farawa 12:1-4, Lahadi ta biyu ta Azumi a shekarar A. Maimaitawar Shari'a 26:1-11, Lahadin farko ta Azumi a shekarar C.

Hattara biyu. Irmiya 29:11, mai alkawarin salama da bege, kada a cire ta daga aya ta 4 zuwa 10, inda aka ce wa kamammu su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin, kuma shekara saba'in za su yi. Wanda ya ba mai jiran takardun zama aya ta 11 kaɗai kamar alkawarin biza ne, ya ɗora masa abin da nassin bai faɗa ba. Zabura 137 kuma, in za a karanta ta a taro, a yanke shawara a kan aya ta 9, mai maganar fyaɗa jarirai a dutse, tun a gida: ko a tsaya a ta 6, ko a shirya bayani. Kada mai karatu ya ci karo da ita a gaban yara.

Rifkatu:
Baba, waɗanda Kirsimetin farko nesa da gida ke yi musu nauyi fa?

Baba Fasto Filibus:
Ikilisiyoyi da dama a Amurka, Kanada da Birtaniya suna yin sujada ta musamman wajen 21 ga Disamba domin masu makoki da masu kaɗaici. Minti 40 ya isa: Zabura 42 ko 121, Ishaya 40:1-11, shiru na minti biyu ko uku, a ba kowa dama ya kunna kyandir ya ambaci suna in yana so, ba dogon wa'azi. A ajiye mutum biyu a baya don wanda kuka ya ci ƙarfinsa. A bangon baya a sa lambar agajin gaggawa ta ƙasar da ta wanda za a kira a ikilisiya. Wanda ya yi fiye da mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, a raka shi wurin likita, addu'a na tafiya tare.

Mama Ladi:
Tun da an ambaci kyandir. Rawanin Zuwa, wato zoben ganye mai kyandir, wanda Johann Hinrich Wichern ya fara a Hambug a 1839 domin yaran da yake riƙo, yau kyandir huɗu ne da fari a tsakiya: uku shunayya, ɗaya ruwan hoda na Lahadi ta uku, a Jamus kuma galibi duka ja ne. Na farko zai ci Lahadi huɗu da daren Kirsimeti, siriri ba zai kai ba, a sayi masu kauri ko a ajiye na canji. Zauren haya da ɗakunan ɗalibai da yawa sun hana wuta a buɗe, ƙararrawar hayaƙi kuma in ta tashi kowa zai fita waje. A tambayi mai zaure a rubuce, in ya hana a sayi na batir, a rubuta a tsarin sujada "a kunna" kawai, ya dace da kowanne.

Tokar Larabar Toka kuma daga ganyen dabinon bara ake ƙona ta, amma ba a bene ko cikin gida ba, kuma shagunan kayan ikilisiya na sayar da ita a ƙulle. Cokalin shayi biyu ya ishi mutum ɗari. A tankaɗe ta, a ɗiga man zaitun kaɗan-kaɗan har ta kama yatsa. Kada a kwaɓa da ruwa, domin ruwan toka na cin fata, a gwada a bayan hannu kwana ɗaya kafin ranar. Ganyen dabino, busasshiyar ciyawa da sassaƙen itace kada a cusa su a jaka zuwa Ostireliya ko Niyu Zilan ba tare da an bayyana su a filin jirgi ba, tara ce mai nauyi.

Saratu:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Wanda ya sauka a watan Oktoba, Zuwa saura mako shida, bai shirya komai ba, me zai iya fitarwa?

Tabita:
Falle ɗaya a naɗe, shafi huɗu, kowane Lahadi shafinsa. A kowane shafi: kiran sujada layi huɗu daga Zaburar ranar, addu'ar kunna kyandir kalma 60, jerin karatu huɗu da kalmomin farkonsu, sunan waƙa biyu da lambobinsu, tambaya ɗaya ta iyali. Duka bai wuce kalma 800 ba, zama huɗu na awa ɗaya da rabi. A gama shi a mako biyu, a ba wani ɗan ikilisiyar wurin ya duba lambobin aya da fassarar da suke karantawa, a tura ranar 1 ga Nuwamba. Daga tsakiyar Nuwamba a buɗe fayil ɗin Azumi, a fara da karatun Larabar Toka: Yowel 2:1-2 da 12-17, Zabura 51:1-17, 2 Korantiyawa 5:20 zuwa 6:10, da Matiyu 6:1-6 da 16-21. Waɗannan ba sa canzawa a shekarun uku, abin da aka rubuta a kansu bana zai yi aiki baɗi.